Takardun Fusɗaɗ da Abin da Ya Rage na Yahudawan Masar

A kudancin birnin Alƙahira akwai tsohuwar unguwar da Misirawa ke kira Misrul Ƙadima. Nan ne mazaunin Fusɗaɗ, garin da Amru bin al-As ya kafa wajen shekarar 641 bayan Musulmi sun ci ƙasar Masar, kuma masallacinsa yana nan har gobe. In ka bar masallacin ka ɗan taka kaɗan, ka shiga lungunan da ke cikin tsohuwar ganuwar Rumawa, inda coci-cocin Kibɗawa suke kusa da kusa, za ka tarar da wani madaidaicin gini mai bene: majami'ar Yahudawa ta Ben Ezra. Yau babu mai ibada a cikinta, sai baƙi 'yan yawon buɗe ido. Amma daga wani ɗaki na wannan gini ne aka kwashe takardun da suka sa masana suka san zaman mutanen Masar na shekara dubu da ta wuce, har kuɗin burodinsu da rigingimun cikin gidajensu.

Yahudawa ba baƙi ba ne a Masar. Tun ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, Alaihis Salam, akwai sansanin sojojinsu a wani tsibiri na kogin Nilu daura da Aswan, kuma a Iskandariyya aka fara fassara Attaura zuwa harshen Girka. Da Musulunci ya zo, suka zauna a matsayin ahlul zimma: suna biyan jiziya, suna riƙe da kotunansu da makarantunsu da shugabanninsu. Faɗimiyyawa sun karɓi Masar a 969, suka gina Alƙahira domin fada da barikin soja, amma kasuwa ba ta tashi daga Fusɗaɗ ba. Yahudawan garin kashi uku ne: masu bin malaman Falasɗinu, da ake ce wa Shamiyyun, masu bin malaman Bagadaza, wato Iraƙiyyun, sai Ƙara'iyawa, waɗanda suka tsaya kan nassin littafi suka ƙi karɓar Talmud, kundin bayanan malamai. Ben Ezra ta Shamiyyun ce. Zaman kuwa ba kullum ne lafiya lau ba. Wajen 1012 halifa al-Hakim ya sa aka yi ta rushe coci-coci da majami'u, wannan ma ba ta tsira ba. Daga baya aka sassauta, aka sake gina ta, aikin ya kammala wajen 1040.

A shari'ar Yahudawa, takardar da ke ɗauke da sunan Allah ba a yar da ita, ba a wulaƙanta ta. In littafi ya tsufa ya yayyage, sai a ajiye shi a wani keɓaɓɓen wuri da suke kira geniza, in ya taru a kai shi maƙabarta a binne. Wannan ba zai ba Bahaushe mamaki ba, domin mu ma a kan haka aka tarbiyyantar da mu: in ka ga takarda mai rubutun Arabiyya a ƙasa, ka ɗauke ta ka cusa a ramin bango, kada ƙafa ta taka. Abin da ya bambanta mutanen Fusɗaɗ shi ne ba su tsaya ga littattafan ibada ba. Wasiƙar ɗan kasuwa tana iya farawa da sunan Allah, takardar bashi ma haka, don haka duk abin da aka rubuta da haruffan Ibrananci sai a kai shi can. Sannan ba su kwashe ɗakin sun binne ba. A saman bene, ɓangaren da mata ke zama, akwai wata kafa can sama a jikin bango, sai an kafa tsani ake kai mata. Ta nan ake jefa takarda ta faɗa cikin wani ɗaki mai zurfi, ba ƙofa ba taga. Haka aka yi ta jefawa kusan shekara 850, bushewar iskar Masar kuma ta hana su ruɓewa.

Babu wanda ya jefa takarda ko ɗaya a nan da niyyar adana tarihi. Girmama sunan Ubangiji ne kawai ya sa, kuma shi ya sa abin ya zo da albarka. Wanda ya zauna ya zaɓi abin da zai bar wa na baya, labarin sarakuna da manyan malamai zai zaɓa. Wannan ɗaki bai zaɓi komai ba. Akwai takardun ɗaurin aure da na saki, da jerin kayan ɗakin amare har adadin matasan kai da tukwane, da wasiyyoyi, da layu, da takardun magani, da shafukan da yara suka koyi baƙaƙe a kansu. Yawancin wasiƙun da Larabci aka rubuta su, harshen da mutanen ke magana da shi a gida da kasuwa, amma da haruffan Ibrananci, wato ajaminsu ke nan.

Ga Nahray bin Nissim, wanda ya taso daga Ƙairawan ta Tunisiya ya zauna a Fusɗaɗ wajen 1045. An sami wasiƙu da takardun lissafi fiye da 300 da suka shafe shi. Daga cikinsu ake ganin yadda fatake ke shiga ƙauyukan Masar sayen kittani, a ɗaure shi dami-dami, a saukar da shi ta Nilu zuwa Iskandariyya, jiragen ruwa su kai shi Tunisiya da tsibirin Sisili, su dawo da man zaitun da sabulu da siliki. Cinikin duk a kan amana yake tafiya: ka sayar mini da kayana a garinku, in sayar maka da naka a namu. Ga kuma Ibrahim bin Yiju, mutumin Mahdiyya, wanda ya haye har Mangalor a gaɓar Indiya wajen 1132, ya buɗe maƙerar tagulla, ya 'yanta wata baiwa mai suna Ashu, ya zauna da ita suka haihu, ya yi shekara 17 yana aika barkono da ƙarfe zuwa Adan. Da ya dawo, ya zo da tarin takardunsa, daga ƙarshe su ma suka faɗa cikin wannan ɗaki.

Akwai wata mace da ba a mantawa da ita, Wuhsha dillaliya, wadda ta yi zamani a ƙarshen ƙarni na 11 da farkon na 12. Tana ba da rance a kan jingina, tana zuba jari a fataucin Indiya. Aurenta ya mutu, ta haifi ɗa da wani mutumin Asƙalan ba tare da ɗaurin auren da kotu ta sani ba, har shugaban majami'ar Iraƙiyyun ya kore ta daga wurin ibada a ranar babban azuminsu. Duk da haka, da ta zo yin wasiyya, ta bar dukiya ta ɗaruruwan dinari, a zamanin da dinari 2 ke riƙe ƙaramin gida wata guda, kuma ta ware wa majami'un garin rabonsu, har da wadda aka kore ta daga ciki. Ta ware wa matalauta, ta kuma ajiye kuɗin malamin da zai koya wa ɗanta karatu. Babu littafin tarihin wancan zamani da ya ambaci sunanta. Ba don wannan ɗaki ba, da babu wanda zai san an taɓa yin ta.

Wanda ya fi kowa suna a cikinsu shi ne Musa bin Maimun, haifaffen Ƙurɗuba ta Andalus, wanda ya iso Masar wajen 1166 ya zauna a Fusɗaɗ har rasuwarsa a 1204. Malami ne, masanin falsafa, kuma likitan al-Ƙadi al-Fadil, wazirin Salahuddin al-Ayyubi. An sami shafukan da ya rubuta da hannunsa, har da na littafinsa Dalalatul Ha'irin, da wuraren da ya soke kalma ya sauya wata. An taɓa kawo masa tambaya game da wasu masu sana'a, Yahudawa da Musulmi, da suka haɗa jari a shago ɗaya, suka shirya cewa ribar ranar Juma'a ta Yahudawa ce, ta Asabar kuma ta Musulmi, domin kowa ya samu ya kiyaye ranar ibadarsa. Ya ce babu laifi. Amma takardar da ta fi taɓa zuciya ba tasa ba ce, ta ƙanensa Dawud ce, ɗan kasuwar da ke ɗaukar nauyin gidan domin yayan ya samu sukunin karatu. Dawud ya rubuto daga Aizab, tashar jiragen ruwa a gaɓar Bahar Maliya. Ya ba da labarin wahalar ƙetare hamada, ya ce bai tarar da hajar kirki a can ba sai shuni, don haka ya yanke shawarar wucewa Indiya, ya roƙi yayansa ya kwantar wa iyalinsa da hankali. Jirgin ya nutse da shi da dukiyar. Musa ya faɗa daga baya cewa ya yi kusan shekara guda a kwance saboda baƙin ciki, kuma bayan shekara 8 bai daina jin zafin rashin ba.

Talakawa ma suna nan. Akwai jerin sunayen masu karɓar burodin sadaka, wanda ake rabawa Talata da Juma'a: gwauraye, marayu, makafi, baƙin da guzuri ya ƙare musu. Akwai koke-koken waɗanda jiziya ta fi ƙarfinsu suka ɓuya a gida don tsoron mai karɓa. Akwai wasiƙar dattawan Asƙalan bayan 'yan Salibi sun ci Ƙudus a 1099, suna bayanin kuɗin da aka tara aka fanshi kamammu da littattafai. A wannan Fusɗaɗ ɗin ne kuma, kamar yadda masanin tarihi al-Maƙrizi ya ruwaito, mutanen Kanem suka ba da kuɗi aka gina makarantar Ibn Rashiƙ a shekarun 1240 domin ɗalibansu da alhazansu. Ke nan maƙwabtanmu na yankin tafkin Chadi sun taka waɗannan lunguna tun jikokin Musa bin Maimun suna zaune a cikinsu.

Sannu a hankali Fusɗaɗ ya dushe, jama'a suka koma Alƙahira, majami'ar ta zama ta 'yan tsirarun matalauta. Ɗakin dai ba a manta da shi ɗungum ba. Wani matafiyi daga Ƙudus, Yakubu Safir, ya shiga a 1864 duk da gargaɗin mai gadi cewa maciji ke tsaron wurin, ya kwana biyu yana tono, ya fito buɗu-buɗu da ƙura ba tare da ya gane girman abin da ke gabansa ba. Tsakanin 1889 da 1892 aka rushe tsohon ginin aka sake shi. A lokacin ne takardun suka yi kwanaki a fili, dillalan kayan tarihi suka samu hanya, guntaye suka fara bayyana a kasuwa suna isa Oksford da sauran biranen Turai.

A bazarar 1896 wasu tagwaye 'yan Sikotland, Agnes Lewis da Margaret Gibson, mata masu ilmin harsunan Gabas, suka dawo Kambirij da guntayen da suka saya a tafiyarsu ta Masar da Falasɗinu. Suka nuna wa Solomon Schechter, malamin ilmin Talmud a jami'ar. Ranar 13 ga Mayu ya gane cewa ɗaya daga cikinsu shafi ne na littafin hikimar Ben Sira a asalin Ibrananci, wanda aka rubuta kusan shekara 180 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma an yi ƙarnoni ana ɗaukar asalin ya ɓata. A watan Disamba ya kama hanyar Masar da kuɗin abokinsa Charles Taylor. Ya zauna da babban malamin Yahudawan Alƙahira, Rafael Aharon Ben Shimon, ya samu yardarsa da ta manyan al'ummar, aka ce ya ɗebi abin da yake so. Ya yi makonni a cikin ƙurar da ta kusa shaƙe shi, har ta taɓa lafiyarsa, ya cika buhuna, aka zuba a akwatuna aka yi Ingila da su. A 1898 aka miƙa su ga ɗakin karatu na Jami'ar Kambirij. Guntaye 193,000 ne. In aka haɗa da waɗanda suka warwatsu a wurare fiye da 60 a duniya, jimillar ta kai kusan 400,000.

Wannan kwasa tana da fuska biyu, kuma ba daidai ba ne a ɓoye ɗaya. Gaskiya ne da izini aka ɗauka, kuma da an bar su a hannun dillalai da sun tarwatse fiye da haka. Gaskiya ne kuma Masar tana ƙarƙashin mamayar Ingila tun 1882, ofishin wakilinta Lord Cromer ne ya sauƙaƙa fitar da akwatunan, kuma waɗanda suka ba da izinin ba su san ƙimar abin da suka bayar ba. A cikin 'yan ƙasa akwai wanda abin ya dama. Jacques Mosseri, ɗan wani babban gidan Yahudawan Alƙahira, ya bi sauran abin da ya rage tsakanin 1909 da 1912, ya tara guntaye kusan 7,000 da burin su zauna a Masar. Ya rasu a 1934, iyalinsa suka bar ƙasar da su, kuma a 2006 su ma suka isa Kambirij domin a gyara su. A 1925 an kafa ƙungiyar nazarin tarihin Yahudawan Masar, a 1935 kuma aka yi bikin cika shekara 800 da haihuwar Musa bin Maimun a gidan opera na Alƙahira, malaman Musulmi na cikin masu jawabi. Al'ummar ta fara waiwayar tarihinta ke nan, ba ta san saura shekaru kaɗan ta watse ba.

A Kambirij ma ba nan take aka san darajar komai ba. Masanan farko littattafan addini suke nema. Wasiƙu da takardun ciniki aka tura gefe, wasu akwatunan har aka rubuta musu shara, suka yi shekaru fiye da 50 a ajiye, ya rage kaɗan a zubar. Wanda ya juya al'amarin shi ne Shelomo Dov Goitein, masanin tarihin Musulunci haifaffen Jamus. A 1955 aka hau da shi inda akwatunan suke, ya duba, ya ga cewa abin da aka raina shi ne zinariyar. Ya ba da sauran rayuwarsa ga karanta su, ya rubuta A Mediterranean Society cikin mujalladi 5. Na farko ya fito a 1967, na ƙarshe a 1988, shekara 3 bayan rasuwarsa. A 1974 jami'ar ta kafa sashe na musamman a ƙarƙashin Stefan Reif, aka bi guntayen ɗaya bayan ɗaya ana share su, ana miƙar da su, ana ba kowanne lamba. Ribar ba ta tsaya ga Yahudawa ba. Taskar gwamnatin Faɗimiyyawa ta ɓace tun da daɗewa, amma takarda tana da tsada a lokacin, don haka tsofaffin takardun fada akan sayar da su, Bayahude ya saya ya yi rubutu a bayansu, in ya gama ya jefa a geniza. Ta haka umarnin halifofi da koke-koken talakawa zuwa fada da rasiɗan haraji suka tsira. Marina Rustow ta Jami'ar Princeton ta rubuta littafi guda a kan wannan a 2020. Duk mai son sanin yadda daular Musulunci ta gudanar da mulki a Masar a ƙarni na 11, dole ya bi ta wannan ɗaki.

Yayin da ake karanta takardun a Turai, jikokin masu su suna tattara kaya. A 1948 Yahudawan Masar sun kai tsakanin 75,000 da 80,000. Daga wannan al'umma aka taɓa samun Yaƙub Sannu, ɗaya daga cikin iyayen wasan kwaikwayo da jaridar barkwanci a ƙasar. Da Yusuf Ƙaɗɗawi Pasha, ministan kuɗi a 1924. Da Dawud Husni mai tsara kiɗa. Da babban malaminsu Hayim Nahum, wanda yake cikin 'yan majalisar farko ta kula da harshen Larabci. Rikicin Falasɗinu ne ya raba wannan zama. A 1948 bama-bamai suka tashi a unguwar Yahudawa ta Alƙahira, mutane da dama suka mutu. A 1954 hukumar leƙen asirin sojan Isra'ila ta yi amfani da wasu samarin Yahudawan Masar wajen dasa abubuwan ƙonawa a Alƙahira da Iskandariyya; aka kama su, aka rataye biyu, zargi kuma ya hau kan kowa. Bayan Ingila da Faransa da Isra'ila sun kai wa Masar hari a 1956, gwamnatin Jamal Abdul Nasir ta kori wasu, ta riƙe dukiyar wasu, kimanin mutum 25,000 suka fita cikin 'yan watanni, da yawa da akwati ɗaya da takardar da ta ce ba dawowa. A yaƙin 1967 aka tsare ɗaruruwan maza a kurkukun Abu Za'abal da Ɗura, na ƙarshensu sai 1970 suka fito. Laifin gwamnatin Isra'ila aka ɗora wa tela da akawu da malamin makaranta da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Wannan zalunci ne, kuma faɗin haka bai rage komai daga haƙƙin Falasɗinawa ba.

Waɗanda suka rage, yawanci mata ne, su suka ɗauki nauyin gadi. Carmen Weinstein, mai shagon kayan rubutu a tsakiyar Alƙahira, ta sa maƙabartar Basatin a gaba. Wannan maƙabarta tun ƙarni na 9 take, tana cikin mafiya daɗewa na Yahudawa a duniya. Bayan 1967 ɓarayi suka ɓamɓare duwatsun marmara na kan kaburbura, sunayen mamata suka tafi da su, marasa muhalli suka yi gine-gine a ciki, aka mai da wani sashe juji. Carmen ta yi ta fafutuka tun shekarun 1970, ta nemo taimako daga 'yan uwansu da ke waje, har aka kewaye abin da ya saura da katanga. Da wata ƙungiyar Yahudawan Masar mazauna Amurka ta nemi a fitar mata da naɗaɗɗun littattafan Attaura da kayan ibada, tana cewa babu sauran masu amfani da su a Masar, Carmen ta ƙi ƙememe, ta sa hukumar kayan tarihi ta yi musu rajista, abin da ya haramta fitar da su. An zarge ta da yawa a kan haka. Hujjarta ita ce in aka kwashe komai, wata rana za a ce ba a taɓa yin Yahudawa a Masar ba. Ta rasu a watan Afrilu na 2013, aka binne ta a Basatin.

Wadda ta gaje ta a shugabancin al'ummar ita ce Magda Harun, 'yar lauya Shehata Harun, ɗan kishin ƙasa mai adawa da aƙidar Sahayoniyanci, wanda ya ƙi barin Masar har ya rasu a 2001. Magda ta sha ba da labarin yadda yayarta Mona ta kamu da ciwon daji na jini tana ƙarama, aka ce wa uban in ya fita da ita neman magani ba zai dawo ba, ya zauna, yarinyar ta rasu. Yau Yahudawan da ke cikin rajistar al'ummar a Alƙahira ba su kai goma ba. Da Magda ta ga haka, sai ta farfaɗo da wata tsohuwar ƙungiyar agaji mai suna Ɗigon Madara, wadda aka kafa a 1921 don ciyar da yara matalauta, ta mai da aikinta kula da kayan gado, ta buɗe ƙofa ga Musulmi da Kiristocin da suke da jinin Yahudawa, da ma duk Bamisiren da ya damu. Su ne suka kwashe tarin shara daga Basatin, suka shiga majami'u suna lissafa littattafai. A wannan aiki ne, a 2017, masanin tarihi Yoram Meital ya tarar da wani kundin littafi mai tsarki da aka rubuta da hannu a 1028, naɗe cikin takarda a kan kanta a majami'ar Ƙara'iyawa. Wannan karon ba a fitar da shi daga Masar ba.

Gwamnati ma ta sa hannu a gine-ginen. An gyara Ben Ezra a shekarun 1980 a ƙarƙashin jagorancin Phyllis Lambert ta Kanada, aka gama a 1991. Aka sake gyara ta, firaminista Mustafa Madbuli ya buɗe ta a ƙarshen Agustan 2023. An gyara majami'ar Musa bin Maimun a 2010. Ta Eliyahu Hanabi da ke Iskandariyya, wadda rufinta ya fara zubewa, an kashe mata kimanin dala miliyan 4 daga baitulmalin ƙasa, aka buɗe ta a Janairun 2020, bayan wata guda kuma mutum kusan 180 'yan asalin Masar suka zo daga ƙasashe daban-daban suka yi ibada a ciki. Wannan abin a yaba ne.

Takardun da suka warwatsu kuwa, na'ura ta sake haɗa su. Tun 1999 wani shiri da attajiri Albert Friedberg na Kanada ya ɗauki nauyinsa ya bi ɗakunan karatu yana ɗaukar hoton kowane guntu, aka kuma ƙera manhajar kwamfuta mai gane rubutun hannu, ta yadda rabin wasiƙar da ke Kambirij zai samu ɗaya rabin da ke Amurka ko Rasha. A 2013 Oksford da Kambirij suka haɗa fam miliyan 1.2 suka sayi tarin tagwayen nan biyu domin kada a sayar da shi gutsi-gutsi. Hotunan suna intanet, kuma akwai dubban guntaye da aka rubuta da haruffan Larabci zalla waɗanda har yanzu suke jiran mai karantawa. Ɗalibanmu da suka ƙware a nahawu da karatun tsohon rubutun hannu, musamman waɗanda ke Azhar, suna da abin da za su iya bayarwa a nan.

Saura abu ɗaya da bai warware ba, shi ne rajistocin al'ummar na zamanin baya-bayan nan: kundayen haihuwa da aure da saki da mutuwa na Alƙahira da Iskandariyya, tun daga ƙarni na 19. A 2016 aka kwashe su zuwa taskar adana takardu ta ƙasa. Ga wanda aka fitar a 1956 da akwati ɗaya, waɗannan kundaye su ne kaɗai shaidar ko shi ɗan wane ne, a ina aka ɗaura auren iyayensa, a wane kabari kakarsa take. Ƙungiyar Nebi Daniel, ta Yahudawan Masar mazauna Turai, ta shafe shekaru tana roƙo, kuma ba asalin kundayen take nema ba, hotonsu kawai. Carmen ta yi daidai da ta ce asalin ya zauna a Masar, domin tarihin Masar ne. Amma hana jikoki ganin sunayen kakanninsu ba shi da hujja. Jaririn da aka fita da shi a goye a 1956 yau yana bakin shekara 70. Ya kamata hukumomin Masar su ba su hoton kundayen tun suna raye.